Kare, kyanwa da doki a gida ɗaya: Likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, muna zaune a wani ƙauye kusa da Barikin Ladi. Karenmu ya ciji ɗana mai shekara shida a hannu, jini ya ɗan fito. Maigida ya ce ai karen gida ne, ba komai. Sai mun je asibiti?

Amsa: Baiwar Allah, ku je yau ɗin nan. Karen gida ma yana fita dawa, yana faɗa da wasu karnuka, kuma ciwon haukan kare in ya bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Amma kafin ya bayyana ana iya tare shi sarai.

Tun kafin ku kama hanya, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, kina kwarara ruwan har minti 15. Ki duba agogo, domin yawancin mutane minti biyu suke yi su ce sun gama. Ƙwayar cutar a cikin yawun kare take, sabulu kuwa yana lalata ta. Bayan nan ki shafa aidin in akwai. Kada a sa toka, ko barkono, ko gashin karen, kada kuma a ɗinke wurin a kemis, don ɗinki yana tura cutar ciki.

A asibiti za a fara allurar rigakafi a ranar, a sake a kwana na 3 da na 7, sannan wata tsakanin kwana 14 zuwa 28, gwargwadon tsarin da suke bi. A dantse ake yin ta, ba a ɗuwawu ba. Tunda jini ya fito, likita zai duba ko a ƙara wata allura da ake yi a kewayen raunin kansa. Cizo a fuska, wuya ko yatsu ya fi gaggawa, saboda cutar ta jijiya take bi ta hau ƙwaƙwalwa. Abin da ke yaudarar iyaye shi ne rauni ya warke, yaro yana wasansa, sai bayan wata biyu ko uku ciwon ya taso.

Karen kuwa kada a kashe shi cikin fushi. A ɗaure shi kwana 10 ana ba shi abinci ana lura. In ya mutu, ko ya fara dalalar da yawu yana cizon itace, a kira likitan dabbobi. Mu mutanen Filato mun yi dace, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom tana gwada kan karen da ya mutu don gano ko yana da cutar, tana kuma haɗa allurar karnuka. Ana yi wa ɗan kwikwiyo yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Kyanwa ma a yi mata.

Tambaya: Ina da cikin wata huɗu, muna da kyanwa biyu saboda ɓera a rumbu. Surukata ta ce a kore su. Gaskiya ne suna ɓarar da ciki?

Amsa: Allah ya raba lafiya. Maganar Mama tana da tushe, amma ba sai an kore su ba. Akwai wata ƙwayar cuta a kashin kyanwa da kan taɓa jariri idan mace ta kamu da ita karon farko tana da ciki. Shafa kyanwa ba ya kawo ta. Kashin sai ya kwana ɗaya zuwa biyar kafin ya zama mai haɗari, don haka wani ya riƙa kwashe shi kullum, ba ke ba. Ki wanke hannu bayan aikin lambu, ki wanke latas da kabeji da karas sosai, nama kuma ya dahu har ciki, domin ta nan ma ake kamuwa.

Tambaya: Ƙusa ta soke ni a tafin ƙafa ina share turken doki. Na matse jinin, na zuba kananzir. Ya isa?

Amsa: Malam, bai isa ba, kananzir ma ƙona naman yake yi. Ƙwayar tetanus, ciwon da ke sandarar da jiki, tana zama a kashin doki da ƙasar da ya taka, kuma rami mai zurfi mai ƙaramin baki irin na ƙusa shi ta fi so, don iska ba ta shiga. Ka wanke da sabulu, ka je a buɗe a tsabtace shi. In allurarka ta tetanus ta ƙarshe ta wuce shekara biyar, ko ba ka tuna ba, a yi maka yau. Alamar farko muƙamuƙi ne ke ƙagewa, yawanci tsakanin kwana 3 zuwa 21. Daga yanzu ka riƙa shiga turke da takalmin roba mai dogon wuya, kuma a tara takin nesa da rijiya.

Tambaya: Yara suna kwana da 'yan kwikwiyo, ɗaya daga cikin yaran ya fito da makero a kai.

Amsa: Daga dabba yakan zo. Na kai ba ya jin man shafawa kaɗai, sai an haɗa da maganin sha na makonni, don haka a kai yaron asibiti. A raba musu wurin kwana da mataji, a kuma nuna wa likitan dabbobi 'yan kwikwiyon ya ba su maganin fata da na tsutsar ciki.