Na rage wa allura nauyi don kada ta cinye faifai, sai ga shi tana tsalle

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sa wa garmahona sabon kan allura, Audio-Technica AT-VM95E. Farkon faifai sauti ras yake fita, amma da an kai waƙoƙin ciki sai murya ta riƙa shaƙewa, musamman wurin harafin "s". Wani mai gyara ya ce nauyi ne ya yi yawa, allurar za ta cinye faifan, sai na rage shi zuwa giram 1.2. Yanzu har tsalle take yi. Faya-fayan nan na marigayi mahaifina ne, ba ni da madadinsu. Shin na riga na lalata su?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba da rahama. Malam, kada ka sake ɗora allurar nan kan faifai sai ka mayar da nauyinta giram 2.0. Kamfanin da ya ƙera ta ya ƙayyade 1.8 zuwa 2.2, kai kuwa an sauko da kai ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

Wannan magana ta "rage nauyi ka ceci faifai" ta ishe ni, kullum sai an kawo min ita. A kunne kamar gaskiya, shi ya sa ta ƙi mutuwa. Aikin allura shi ne ta zauna daram cikin tsagar faifai, tana taɓa bango biyu a lokaci guda, tana bin duk lanƙwasar da aka sassaƙa. Idan nauyi ya gaza, da an zo wurin da kiɗa ya yi ƙarfi sai ta kasa riƙe bangon, ta ɗaga, ta dawo ta doke shi, sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya. Lu'ulu'un bakin allura ne fa yake dukan robar faifai! Shaƙewar da ke ƙaruwa idan an rage nauyi, ƙarar wannan duka ce. Ka ɗauki faifan da aka daɗe ana yi wa haka ka karkata shi ga fitila, za ka ga wuraren da kiɗa ya fi ƙarfi sun yi toka-toka, baƙinsu ya dushe. Wannan ba ya wankuwa. Nauyin da ya ɗan haura cikin iyakar kamfani ya fi wanda ya gaza aminci. Haushina shi ne, mai gyaran da ya ce ka rage, idan ka koma ka ce tana tsalle, shi ne zai manna sulalla a kan hannun garmahon, ya danne 'yar robar da ke riƙe da sandar allura har ta saki. Wanda bai aje sikeli a teburinsa ba, kada ka bar shi ya taɓa maka hannun garmaho.

Ka samu ƙaramin sikelin allura mai nuna lamba, ka auna daidai tsayin fuskar faifai. Lambobin jikin ƙarfen nauyi na baya ba sa faɗin gaskiya sai an fara daidaita hannun yana reto a sifili. Antisket, wato abin da ke hana hannun garmaho rinjaya zuwa tsakiyar faifai, ka fara da 2, kamar nauyin.

Ciwonka na asali kuwa saiti ne. A gefen faifai tsaga tana wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa, a ciki ta koma kusan 20, lanƙwasa ta cunkushe, ƙaramin kuskure ya bayyana. Nemi takardar saiti ta tsarin Baerwald, mai ɗigo biyu a milimita 66 da 120.9 daga tsakiya. Sassauta kusoshi biyun da suka riƙe kan allura, ka riƙa gusar da kan har allura ta sauka kan kowane ɗigo. Sandar allurar za ka daidaita da layukan, don jikin kan yana iya ruɗar ido. Hannu ya miƙe daidai da fuskar faifai, teburi kuma kada ya karkata.

Idan kwana kaɗan ka yi a giram 1.2, ina kyautata zaton yawancinsu sun tsira. Wanke guda ɗaya, goge allura da burushi daga baya zuwa gaba, ka saurara bayan saiti. Idan shaƙewar ta tafi, alhamdulillahi. Idan saura kaɗan ta rage a waƙar ƙarshe, allurar VMN95ML mai siririn baki tana shiga jikin kan nan naka, kuma ta fi iya bin tsagar ciki.