Amsa kan kai ɗalibai Gidan Rumfa

Malam na Ringim da ka tambaya ko ana barin mutum ya shiga gidan Sarkin Kano don kana son kai ɗalibanku, to ni nan wajen Gezawa nake, na sha raka baƙi can, bari in faɗa maka yadda abin yake.

Ka fara cire wa yaran tunanin cewa gidan kallo za su je, gida ne da mutane suke kwana suna tashi a cikinsa har yau, ga iyalin sarki ga dogarai ga bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama kowa da aikinsa. Sarki Muhammadu Rumfa ne ya gina shi, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, a zamaninsa ne ma Shehu Magili ya zo Kano, da aka yi jihadi sarakunan Fulani suka ci gaba da zama a ciki shi ya sa kake jin ana cewa Gidan Dabo, da sunan Sarki Ibrahim Dabo, ɗaya daga cikinsu. Cikin gida wajen mata kam kada ma ka sa rai, filin Ƙofar Kudu dai kowa na tsayawa ya kalla, amma in kuna son a wuce da ku soraye to hedimasta ya rubuta takarda a kai masarauta tun da wuri, kar ku kwaso yara a mota ku zo kuna roƙon dogari a bakin ƙofa, ba zai bari ba kuma gaskiyarsa ce.

In Allah ya sa an ba ku izini, a gaya musu inda aka ce a cire takalmi a cire, ba a ɗaga waya a hau ɗaukar hoto sai an tambaya, in kuma aka dace da zaman fada durƙusawa ake a dunƙule hannu a ce ranka ya daɗe, dogarai ne za su amsa da ƙarfi su ce sarki ya gaishe ka, yaran ƙauye har firgita suke da wannan amsawar wallahi. Kuma ka ce su ɗaga kai su kalli rufin soro, yadda magina suka lanƙwasa azara da ƙasa suka yi bakan gizo ba ginshiƙi a tsakiya, ni a ganina wannan ya fi komai abin kallo, amma mutane sai su tsaya kallon jan kayan dogarai su wuce shi.

Shawarata ku fara da Gidan Makama, yana nan dab da fadar, shi ne gidan tarihi na sosai, akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotuna, ga masu yi muku bayani, kuɗin shiga ba yawa. Daga nan sai fada, sai babban masallaci da ke maƙwabtaka da ita.

Mota daga wajenku a 'Yankaba za ta sauke ku, ku hau adaidaita ku ce Ƙofar Kudu. Ranar Juma'a ku haƙura saboda cunkoso, lokacin Hawan Daushe ma ba na yara da yawa ba ne, dawakai ba sa kallon kowa, ga shi wasu shekarun ana dakatar da hawan. Kasuwar Kurmi in za ku leƙa, ita ma tun zamanin Rumfa take, ku raba yaran kowane rukuni da malaminsa don lungunanta ɓatar da babba ma suke.