Ingarma ba zagi ba ne

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce a wajen Hawan Daushe ka ji maroƙi yana ce wa wani dattijo, tsohon soja, "ingarma", ka rasa yabo ne ko raini, tunda sunan doki ne. Ka ba ni dariya. Da ka kalli fuskar dattijon lokacin, da ba ka tambaye ni ba.

Ba kowane doki ake kira ingarma ba. Ƙarami duƙushi ne, gajere ƙuru, mace goɗiya. Ingarma shi ne ƙosasshen namiji mai faɗin ƙirji, wanda ya sha kiwo a barga, dawa da harawa da kanwa ba sa yanke masa. Dalilin wannan gata kuwa yaƙi ne. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Lifidi auduga ce ake cusawa a ɗinke, a rufe doki da mahayinsa don kada kibiya mai dafi ta taɓa fata. Ga nauyi, ga zafi. Ɗora wa ƙuru wannan kaya ka gani, ko ƙofar gari ba zai kai ba. Kuma ƙarfi kaɗai bai isa ba, ana son dokin da ya saba da tambari da kururuwa, wanda ba ya zabura. "Tsohon doki mai wayo," in ji mutanen da.

Daga nan sunan ya hau kan mutum, ake cewa ingarman namiji, wato wanda ya ɗauki nauyi bai durƙusa ba. Shi mahayin kuwa barde ne, kuma har yau sarauta ce a fada.

Amma kai kada ka tari sa'an mahaifinka ka ce masa ingarma. Bakin maroƙi daban, naka daban. Tsofaffin sojoji 'yan mazan jiya muke ce musu. Muna yara, waɗanda suka dawo daga ƙasar Bama (Burma) bayan yaƙin duniya na biyu ake nufi. Yanzu duk 15 ga Janairu ake tunawa da su.

In ka zo Babbar Sallah mu leƙa barga tun kafin a ɗaura sirdi, ka ga ƙirjin da idonka. Ka gaishe min da mahaifiyarka.