Me Ya Sa Ƙarfe Ke Tsagewa Bayan Walda?

Tambaya: Malam, mai walda ne ni. Na haɗa ƙaton ginshiƙin ƙarfe, ɗinkin ya yi kyau, amma washegari sai ga tsaga a gefensa, ba wanda ya ɗora masa kaya. Me ya faru?

Amsa: Ɗan'uwa, kaya na nan a kansa, ido ne kawai ba ya gani. Inda wutar walda ta taɓa, ƙarfe na narkewa a wajen digiri 1,500. Saboda zafi wurin yana son ya ƙara faɗi, amma ƙarfen da ke kewaye da shi da sanyinsa, ya hana. Da ya huce kuma sai ya nemi tsukewa, nan ma a riƙe yake. Sai ɗinkin ya zauna a ɗame kamar tsirkiyar baka, jan ya kusa kai iyakar abin da ƙarfen ke iya ɗauka, gefe kuma yana matse.

Ƙarfe mai ƙarfi sosai ya fi saurin fushi, wato saurin tsagewa. In sandar waldarka ta sha danshi, iskar haidurojin da ke cikin danshin na shiga ɗinkin, tsagar ta fito bayan kwana ɗaya ko biyu. Ina zargin abin da ya same ka ke nan.

Ka riƙa ɗumama ƙarfen kafin ka fara, ka busar da sandunan, kada ka bi ɗinki a jere daga gefe guda. Don Allah kar ka kwara masa ruwa don ya huce! A manyan ayyuka akan gasa shi a wajen digiri 600, kamar awa ɗaya ga kowane kaurin milimita 25, sannan a bar shi ya huce a hankali.