Kantin ƙasan gidanmu na neman izinin sayar da giya har ƙarfe 3 na dare: me za mu yi?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni da maigidana da 'ya'yanmu uku muna haya a saman bene a wani birni da ke tsakiyar Ingila. Ƙasan benen kantin unguwa ne, ana sayar da burodi, madara, sigari da giya, kuma ƙarfe 11 na dare yake rufewa. Shekaranjiya na ga wata shuɗiyar takarda manne a gilashin kantin, wai mai shi ya nemi ƙaramar hukuma ta ba shi izinin sayar da giya har ƙarfe 3 na dare. Ko a yanzu ma ba ma samun barcin kirki daren Juma'a da na Asabar. Ihu, zage-zage, fitsari a bakin ƙofarmu, da safe yara su tsallake fasassun kwalabe kafin su fita. Matan masallacinmu sun ce mu tara sa hannu mu rubuta wa hukuma cewa giya haramun ce, kuma Musulmi ne suka fi yawa a unguwar. Ni 'yar Kano ce, ban san kan dokokin nan ba. Wannan zai yi aiki?

Maman yara uku, Ingila

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Tun kafin ki gama karanta amsar nan, ki sauka ki ɗauki hoton shuɗiyar takardar da wayarki. Abu biyu za ki nema a jikinta: ranar ƙarshe ta karɓar ƙorafi, da adireshin sashen lasisi na ƙaramar hukumarku. Kwana 28 kacal doka ta bayar, kuma ana ƙirga su ne daga washegarin ranar da mai kantin ya miƙa takardunsa, ba daga ranar da idonki ya kai kan sanarwar ba. Wataƙila sati ɗaya ko biyu sun riga sun shige. Wasiƙar da ta iso bayan wa'adi, ko da kwana guda ne, ba a duba ta.

Ga abin da ya sa kwanakin nan suke da nauyi. Dokar Lasisi ta 2003, wadda ta fara aiki a Ingila da Wales a watan Nuwamba na 2005, ta karɓe ikon ba da lasisin giya daga hannun alƙalan majistare ta damƙa wa ƙananan hukumomi, ta kuma kawar da tsohon tsarin da ya yanka wa kowa lokacin rufewa iri ɗaya. Sai dai ta ɗaure wa hukumar hannu ta wani ɓangaren. Idan wa'adi ya cika babu wanda ya shigar da ƙorafi mai tushe, tilas ne a ba mai nema abin da ya nema. Ba a zaman kwamiti, ba a tambayar kowa. Maƙwabta da yawa kan zauna suna jiran hukuma ta hana da kanta, sai dai kawai su ga fitilar kanti a kunne ƙarfe biyun dare.

Yanzu ga maganar da na san ba za ta yi wa matan masallacinku daɗi ba. Takardar da hujjarta ita ce giya haramun ce, ko da mutum dubu suka sa mata hannu, jami'in lasisi zai ajiye ta gefe, ba za ta kai gaban kwamiti ba. Ba Musulunci aka ware ba. Da wata coci za ta rubuta cewa maye zunubi ne, amsar da za ta samu ke nan. Dalilai huɗu kawai dokar ta yarda a yi ƙorafi a kansu: hana aikata laifi da tayar da hankali, tsare jama'a daga haɗari, hana damun maƙwabta, da kare yara daga cutuwa. Duk abin da bai shiga ɗaya daga cikin huɗun nan ba, ba a saurarensa. Har cewa kantunan giya sun ishi unguwar, ba a buƙatar ƙari, ba hujja ba ce, domin ƙa'idojin da gwamnati ta ba ƙananan hukumomi sun ce zancen buƙata na kasuwa ne, ba na masu ba da lasisi ba. A Kano, inda ake aiki da shari'ar Musulunci tun 2000 kuma Hisbah ke kamawa tana fasa kwalaben giya, abin tambaya shi ne a sayar ko kada a sayar. A Ingila abin da ake tambaya shi ne a wane lokaci, da wane sharaɗi, kuma wa zai cutu.

Kada wannan ya karya miki gwiwa. Abin da kika rubuto mini a layi biyu ya fi waccan takardar ƙarfi nesa ba kusa ba. Ihun dare da fitsari a ƙofa damun maƙwabta ne. Zage-zage da faɗa tayar da hankali ne. Yaran da ke tsallake fasassun kwalabe, kuma ba sa samun barci, sun shiga batun kare yara. Hujjarki na hannunki, saura ki tsara ta yadda kwamiti zai iya aiki da ita.

Daga daren yau ki ajiye littafi kusa da gado. Duk abin da ya tashe ku, ki rubuta rana, ƙarfe nawa, me kika ji, me kika gani, ya ɗauki tsawon wane lokaci. Da safe ki ɗauki hoton bakin ƙofa kafin a share. Kada ki sauka ki yi sa'insa da mai maye, kada maigidanki ma ya sauka. Idan abin ya kai ga faɗa ko barazana amma ba na gaggawa ba, ki kira 'yan sanda a lamba 101, ki karɓi lambar rahoto ki rubuta ta a littafin. Wuri ɗaya kuma nake so ki fi mayar da hankali, domin nan lauyan mai kanti zai fi kai hari: zai ce mutanen nan daga mashayar gaba suka fito, ba ruwan kantin da su. Saboda haka ki rubuta abin da ke haɗa su da wannan kanti. Kin ga sun fito daga ciki da leda? A kan dakalin da ke jikin kantin suke zama su sha? Da kanti ya rufe ƙarfe 11 suna watsewa cikin rabin awa? Wannan na ƙarshen yana da ƙarfi ƙwarai, domin yana nuna cewa rufewar kantin ce ke kawo ƙarshen hayaniyar, kuma ƙarin awa huɗu zai ja ta har kusan asuba, daidai lokacin da mashayu ke rufewa mutane na neman inda za su ƙaro.

Abin da ya sa nake matsa miki kan shaida shi ne sikelin ya riga ya karkata wajen mai kanti. Ƙa'idojin gwamnati sun ce a al'ada ya kamata a bar kanti ya sayar da giyar ɗauka a tafi a duk lokacin da yake buɗe, sai in akwai ƙwaƙƙwaran dalili daga cikin huɗun nan. A 2008 kuma Babbar Kotu ta soke hukuncin da kotun majistare ta Wirral, wani yanki kusa da Liverpool, ta yanke na rage wa wata mashaya lokaci, saboda an gina shi kan zato maimakon shaida. Kwamitoci sun san da wannan hukunci, suna kuma tsoron a kayar da su a kotu. Cewa "muna tsoron abin zai lalace" ba ya ɗaga musu hankali kamar cewa "ranar Asabar kaza, ƙarfe 10:40, mutum biyar sun yi dambe a ƙofarmu, ga lambar rahoton 'yan sanda".

Su kuma matan masallaci, kada a sallame su. Maimakon takarda guda mai tarin sa hannu, wadda sau da yawa ake ɗauka tamkar ƙorafi ɗaya, kowane gida ya rubuta tasa wasiƙar da kalmominsa, da sunansa da adireshinsa, ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Wanda ke bin titin zuwa sallar asuba ya faɗi abin da yake tararwa. Tun 2012 aka cire sharaɗin cewa sai na kusa da kanti ne zai iya ƙorafi, don haka kowa na da dama, amma maganar wadda ke kwana a saman kantin ta fi ta kowa nauyi.

Cikin satin nan ki tuntuɓi jami'in lasisi na 'yan sandan yankinku da sashen kula da hayaniya da tsaftar muhalli na ƙaramar hukuma. Doka ta sa a aika musu kwafin takardar neman, tare da 'yan kwana-kwana, masu sa ido kan ciniki, masu kare yara da daraktan lafiyar jama'a, kuma kowannensu na iya shigar da nasa ƙorafin. Amma suna da tarin aiki, ba kuma za su san abin da ke faruwa a ƙofarki ba sai kin gaya musu. Idan 'yan sanda suka shigo cikin maganar, lissafin mai kanti kan canza nan take. Ki kira kansilan mazaɓarku shi ma. Yana iya rubutawa, yana iya yin magana a madadinku ranar zama.

Akwai takardu biyu da mutane kan manta da su. Ta farko manufar lasisi ta ƙaramar hukumarku, wadda ake sabuntawa duk shekara biyar, tana nan a shafinsu na intanet. Ki duba ko titinku na cikin yankin da aka ayyana cewa wuraren sayar da giya sun yi masa yawa har matsala ta taru. In haka ne, nauyin ya koma kan mai kanti, shi zai nuna cewa ƙarin lokacinsa ba zai ƙara matsalar ba. Sai dai ko a nan ma sai wani ya yi ƙorafi tukuna. Ta biyu izinin tsara gari na ginin. Idan a cikinsa an ce kantin ya rufe ƙarfe 11, lasisin giya ba ya goge wannan. Lokacin da ya fi wuri shi zai bi.

A wasiƙarki ki nemi a ƙi ƙarin lokacin gaba ɗaya, sannan ki ce idan kwamiti bai ƙi ba, ga sharuɗɗan da kike roƙo. Na san wasu za su ga kamar sassauci ne, amma kwamitoci sun fi yawan bayarwa da sharaɗi a kan hanawa ɗungurungum, kuma gara a ce sharaɗin daga bakin wadda ta san matsalar ya fito. Waɗanda aka saba sawa kuma suke aiki: a tsaya ƙarfe 12 maimakon 3; bayan ƙarfe 11 a kulle ƙofa a riƙa sayarwa ta taga; a daina sayar da gwangwani ɗaiɗai; a daina ajiye giyar gwangwani mai ƙarfin da ya wuce kashi 6.5 cikin ɗari, tsarin da aka fara a garin Ipswich a 2012 don rage masu sha a bakin titi. Kyamarar tsaro da ke ganin bakin ƙofa, a ajiye hotunanta kwana 31. Littafin rubuta duk wanda aka hana saya. Neman katin shaida ga duk wanda fuskarsa ba ta nuna ya kai shekara 25 ba. Da share gaban kanti kafin a tashi. Sayar wa mai maye ko wanda bai kai 18 ba dama laifi ne a doka.

Ki sani cewa mai kantin zai ga sunanki da adireshinki, domin ana ba shi kwafin kowane ƙorafi. Idan kina da dalilin tsoron a tsangwame ku, ki gaya wa sashen lasisi tun farko. Suna iya ɓoye wasu bayanai, ko ki bi ta hannun kansila. In kuwa kuna gaisawa, ki yi masa magana. Shi ma abincinsa yake nema, kuma da yawa cikinsu kan rage abin da suka nema da zarar sun ga za a kai ga zama. Abin da ba zan yarda ki yi ba shi ne janye ƙorafi kan alkawarin baki. Duk abin da kuka daidaita a kai, sai an rubuta shi cikin lasisi.

Zaman kansa ba kotu ba ne. Kansiloli uku ne ke sauraro, yawanci cikin kwanakin aiki 20 bayan cikar wa'adi, kuma kowane ɓangare na samun lokaci daidai da na ɗan'uwansa. Kina iya zuwa da wanda zai yi magana a madadinki. Ki aika hotuna da littafinki tun kafin ranar, domin sabuwar shaidar da aka fito da ita ranar zama ba a karɓarta sai kowa ya amince.

A ganina dokar nan tana da giɓi babba. Cutar da giya ke yi wa lafiyar al'umma ba ta cikin dalilai huɗun, alhali Sikotland ta sa ta a matsayin na biyar a dokarta ta 2005, ta kuma hana kowane kanti sayar da giyar ɗauka kafin ƙarfe 10 na safe ko bayan 10 na dare. Da a Glasgow ta Sikotland kike, da wannan shuɗiyar takarda ba ta taso ba. A Ingila an ɗora wa uwa mai yara uku aikin tattara shaida cikin dare don kare barcin 'ya'yanta, kuma ban ga adalci a hakan ba.

Idan hukunci bai yi miki daɗi ba, kina da kwana 21 ki ɗaukaka ƙara a kotun majistare, amma ki nemi shawarar lauya tukuna, domin kotu na iya ɗora wa wanda ya faɗi kuɗin shari'a. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce neman a sake duba lasisin, wanda kowa ke iya nema a kowane lokaci ba tare da biyan kuɗi ba. A nan kwamiti na iya rage lokaci, ƙara sharaɗi, cire wanda aka naɗa ya kula da sayar da giyar, dakatar da lasisi har wata uku, ko soke shi baki ɗaya. Don haka ko an ba shi ƙarfe 3 ɗin, ki ci gaba da rubutu a littafinki, ki kuma riƙa kai rahoton duk sharaɗin da kika ga an karya ga sashen lasisi a rubuce.