Tambaya da Amsa: Yaya Zan Gane Asalin Tsohon Injin Sassaƙar Ƙarfe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mun gaji injin sassaƙar ƙarfe (lathe) a shagon mahaifinmu. Farantin sunansa ya ɓace, an kuma sha yi masa fenti. Ta yaya zan san kamfaninsa da shekarunsa don in nemo kayan gyara?
Daga wani mai karatu, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifi. Kada ka dogara da fenti ko farantin moton da ke juya injin, domin su ne aka fi canzawa. Shaidar gaskiya tana jikin gadon injin, wato doguwar gangar da sauran sassa ke zamewa a kai.

Je ƙarshen gadon ta hannun dama. A nan kamfanoni irin su Colchester na Ingila da South Bend na Amurka suke buga lamba. Jiƙa wurin da kananzir, ka goge da burushin waya mai laushi, ka shafa alli, ka haska tocila ta gefe. Don Allah kada giranda ta taɓa wurin! Bugun ba shi da zurfi, shafa ɗaya ta isa ta cinye shi har abada. Kwafi lambar duka har da haruffa: a injin kamfanin Myford, K a gaba na nufin samfurin ML7, wanda ya fito a 1946, SK kuwa samfurin Super 7 ne. Lambobin da suka taso a jikin zubin ƙarfe na sassa ne kawai, ba sa faɗin shekara.

Sura ma tana magana. Colchester Student mai kai zagayayye na shekarun 1950 ne zuwa farkon 1960, mai kusurwa ya biyo baya.

Sannan ɗora rula a kan dogon sandan tiredi (haƙoran da suka nannaɗe sanda kamar na kusar noti) da ke gaban gadon. In haƙora 4 ko 8 suka cika inci ɗaya daidai, injin na ma'aunin inci ne. Irinsa ba ya yanka tiredin milimita daidai sai da giya mai haƙora 127, saboda inci ɗaya milimita 25.4 ne, 127 kuwa shi ne 25.4 sau biyar. Duba cikin tarkacen shagon, wataƙila tana nan.

Kusoshin tsofaffin injinan Ingila galibi masu tiredin da ake kira Whitworth ne, mai kusurwa digiri 55, na milimita kuwa 60. In ka tilasta na milimita na kasuwa a raminsu, tiredin zai lalace. Tafi da tsohuwar kusar wurin mai sassaƙa ya yanka maka irinta.