Barazanar Yaƙi da Farashin Zinariya da Azurfa

TAMBAYA: Malam, na lura cewa duk lokacin da ƙasashen wani yanki suka fara cacar baki suna jibge sojoji a kan iyakokinsu, sai a ji labarin farashin zinariya ya tashi. Mene ne ya haɗa su, kuma idan yaƙin ya ɓarke, shin farashin zai ci gaba da hawa ke nan?

AMSA: Malam, abin da ka lura da shi gaskiya ne, sai dai rabin labarin ne kawai. Zinariya ba bashi ba ce a kan kowa. Takardar kuɗi alkawari ce ta gwamnati, hannun jari alkawari ne na kamfani, takardar lamuni kuma alkawari ce ta wanda ya karɓi rance, amma dunƙulen zinariya ba ya jiran wani ya cika alkawari kafin ya yi daraja. Shi ya sa da zarar an fara jin ƙishin-ƙishin yaƙi, manyan masu zuba jari sukan janye wani kaso na dukiyarsu daga inda suke tsoron asara su mayar da shi zinariya, farashi kuwa ya ɗaga a kasuwannin Landan da New York cikin sa'o'i kaɗan.

Abin da yake ba mutane da yawa mamaki shi ne, sau da dama fargabar yaƙi ta fi yaƙin kansa ɗaga farashi, kamar yadda hadarin da ya haɗu ya fi ruwan da zai zubo sa mutane gudu. Lokacin da Iraƙi ta mamaye Kuwait a watan Agustan 1990, oza ɗaya ta zinariya, wato nauyin giram 31.1, ta haura dala 400. Amma ranar 17 ga Janairun 1991, da jiragen Amurka da ƙawayenta suka fara ruwan bama-bamai kuma aka ga alamar yaƙin ba zai daɗe ba, sai farashin ya rikito a wuni guda. An ga kwatankwacin haka a 2003: zinariya ta yi ta hawa a watannin da ake ta muhawara a Majalisar Ɗinkin Duniya kan batun kai wa Iraƙi hari, sannan ta fara sauka tun kafin a shiga Iraƙi a watan Maris. Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. Masu saye sun riga sun saya tun ana cikin zullumi, da zarar rashin tabbas ya ragu kuwa sai su sayar su kwashi ribarsu.

Wani misalin shi ne na Rasha da Yukren. Bayan an fara yaƙin ranar 24 ga Fabrairun 2022, zinariya ta zarce dala 2,000 a farkon watan Maris, amma kafin ƙarshen shekarar ta sauko ƙasa da dala 1,700, alhali ba a daina gwabzawa ba ko na kwana ɗaya. Abin da ya ja ta ƙasa shi ne babban bankin Amurka, wanda ya riƙa ƙara kuɗin ruwa don daƙile hauhawar farashi. Zinariya ba ta haifar da komai ga wanda ya ajiye ta, saboda haka idan takardun lamunin gwamnati suna bayar da riba mai tsoka kuma dala ta yi ƙarfi, sha'awarta takan ragu.

A ganina, tasirin yaƙi mai ɗorewa yana biyo hanyoyi ne guda biyu, kuma su ne ya kamata ka sa wa ido fiye da kanun labarai. Ta farko ita ce man fetur. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya take amfani da shi yana ratsawa ta mashigin ruwa na Hormuz da ke tsakanin Iran da Oman, don haka duk rikicin da zai toshe wannan hanya zai ɗaga farashin makamashi, ya jawo tsadar kayayyaki, mutane kuma su nemi mafaka a zinariya. Haka ta faru a Janairun 1980, lokacin da juyin juya halin Iran, da tsadar mai, da shigar Tarayyar Sobiyet Afganistan suka haɗu, oza ta kai dala 850. Ta biyu ita ce takunkumi. Da ƙasashen Yamma suka riƙe kimanin dala biliyan 300 na kuɗin ajiyar Rasha, manyan bankunan ƙasashe da dama sun fahimci cewa kuɗin da yake ajiye a hannun wani ana iya hana mai shi taɓa shi, sai suka riƙa sayen zinariya fiye da tan 1,000 a kowace shekara daga 2022 zuwa 2024. Wannan saye na a-hankali, wanda ba kasafai yake shiga labarai ba, yana cikin abubuwan da suka taimaka wajen kai oza dala 3,000 a Maris na 2025.

TAMBAYA: To azurfa da sauran ma'adinai masu daraja fa, su ma haka suke?

AMSA: Ba daidai suke ba. Fiye da rabin azurfar da ake amfani da ita masana'antu ne suke shanye ta, musamman masu ƙera faranten wutar sola da kayan lantarki, saboda haka tana iya bin zinariya sama a kwanakin farko, sannan ta faɗi idan aka ji tsoron yaƙin zai durƙusar da tattalin arziƙi. Kasuwarta ƙarama ce, hawa da saukarta sun fi na zinariya tsanani.

Filatinam da faladiyam kuwa, tambayar da ta dace a kansu ita ce: a ina ake yaƙin? Afirka ta Kudu ce take haƙo kusan kashi 70 cikin ɗari na filatinam na duniya, Rasha kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari na faladiyam, wanda mafi yawansa ake sakawa a salansar mota don tace hayaƙi. Rikicin da bai shafi waɗannan ƙasashe ko hanyoyin jigilarsu ba, ba lalle ne ya motsa su sosai ba. Wanda ya shafe su kuwa yakan girgiza kasuwa: a Maris na 2022 faladiyam ya haura dala 3,000 a kan oza saboda tsoron kayan Rasha za su yanke. Kayan ba su yanke ba, motoci masu amfani da lantarki kuma suka ƙara yawa, kafin shekara biyu ta cika farashin ya dawo ƙasa da dala 1,000.